Kafaɗar Babana a Alappuzha

Shekara talatin da ɗaya babana Kunjappan
yana tura kwale-kwale da gora a magudanan Alappuzha,
kwakwa zuwa kasuwa, yara zuwa makaranta,
har ranar da kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji.
Ko loma hannu ya ƙi kaiwa baki.

A asibitin gwamnati mu ne lamba ta tamanin da huɗu.
Likita Annamma ta ɗaga hoton ƙashi ga hasken taga.
Minti huɗu ta ba mu, na ƙirga a agogon bango.
Muna bakin ƙofa ta ƙara, ba ta ko ɗago kai ba:
"Kada in ji kun kai shi wurin masu mai da saiwoyi.
Duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ni ke kwashe ɓarnarsu."

Na riƙe maganar kamar ƙwai a tafin hannu.
Baba kuwa ya tofar da ita a ruwa tun kafin mu kai gida.

Wata ya mutu, ƙwayoyi suka ƙare, kafaɗa tana nan.
Ya sulale wurin tsoho Kesavan a bayan gonar ayaba,
ɗakin da ke warin man riɗi da hayaƙi.
Kwana ashirin ana murza, ana gashi da ƙunshin ganye.
Ran na ashirin da ɗaya na same shi yana taje kai
da hannun dama.
Na ce a raina, ashe mai farar riga ma tana tsaron kasuwarta.

Nan muka saki jiki, kuma sakin jikin ne ya cuce mu.
Wani mai lasifika a tashar jirgin ruwa
ya sayar wa Baba garin ƙarin ƙarfi, cokali safe da dare.
Ba suna a kwalbar, sai hoton giwa.
Sati shida, abinci ya fita ransa,
fitsari ya koma launin shayi.

Kesavan ne ya fara gani.
Ya ja fatar idon Baba da babban yatsa, ya yi shiru,
ya goge man hannunsa a zane.
"Wannan ba nawa ba ne. Hanta ce.
Ku tafi yanzu, kada ku jira jirgin yamma."
Shi ya biya mai keke.

Dare biyu Likita Annamma tana zarya a kansa.
Ba ta ce ai na gaya muku ba.
Ta dai nuna mini gadaje uku a jere,
kowane da irin kwalbarsa.
Sai na ga abin da take gani kullum:
wanda ya warke a can ba ya zuwa ya ba ta labari.
Mai tsayuwa a ƙarshen kogi,
abin da ruwa ya ci kaɗai ke iso masa.

Na ce mata, "Mai man shafawa ne ya turo mu."
Alƙalaminta ya tsaya. "Wanne?"
Na faɗi sunan. Ta rubuta a gefen takarda.
Ban san me ta yi da shi ba.

Yanzu in ta yi magana a kan jini, a kan hanta,
a kan abin da ta auna,
rubutawa nake, ba musu.
In ta yanke hukunci a kan mutumin da ba ta taɓa gani ba,
in ji, in tafi in gani da idona.
Abin da zai shiga cikin Baba kuwa,
ko wa ya bayar, sai ya kwana a teburinta tukuna.

Baba ya koma ruwa.
Da asuba ya haɗiye ƙwayarta,
ran Laraba ya kai wa Kesavan kafaɗa.
In na tambaye shi wa ya warkar da shi,
sai ya ce in matsa, ina tare masa gora.